Abin da aikin titi a Kano ya koya min game da jirgin cikin gari

Duk sanda aka sake taso da maganar jirgin ƙasa na cikin gari a Kano sai abokai su fara damuna a WhatsApp, wai injiniya yaushe za mu hau. Ni dai aikin titi da kwalbati da magudanar ruwa nake yi, ban taɓa shimfiɗa dogo ko taku ɗaya ba, amma da na koma BUK digiri na biyu a kan jinkirin ayyukan jirgi na yi bincikena, kuma abin da na tarar a takardu shi ne dai abin da nake gani da idona kullum a gurin aiki, bambancin kawai kuɗin can sun fi yawa kuma abin kunyar ya fi fitowa fili. Shimfiɗa dogon kansa ba shi ne mai cin shekaru ba. Jinkirin ana haifarsa ne tun kafin katafila ta taɓa ƙasa.

Ku duba Legas. Tun zamanin Jakande a 1983 aka ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari, sojoji suka soke shi a 1985. Gwamna Fashola ya zo ya fara layin jirgin da ake kira Blue Line a 2009, kilomita 27 daga Marina zuwa Okokomaiko, aka ce 2011 za a gama kashin farko. Fasinja bai hau jirgin nan ba sai 4 ga Satumba 2023, shi ma kilomita 13 ne kacal, Marina zuwa Mile 2, tasha biyar. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara aikin yana sakandare aka buɗe. To amma a garin nan dai, hukumar sufurin Legas ɗin dai da ta yi Blue Line, wato LAMATA, aka fara Red Line a 2021, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, aka ƙaddamar a Fabrairun 2024 aka fara ɗaukar mutane a Oktoba. Ninki biyu a tsawo amma shekara uku da ɗan wani abu.

Malamin da ya duba min aikin, da na kai masa lissafin nan ina ta bayanin wai shugabanci ne ya gyaru, sai ya ce min kai Malam, je ka duba ƙasar da kowanne ya bi tukuna. Ashe amsar a nan take. Red Line a cikin filin hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ya bi, hanyar da take a share tun zamanin Turawa kuma an riga an shimfiɗa sabon dogon Legas zuwa Ibadan a ciki, babban abin da ya rage tashoshi ne da gadojin sama a inda titin mota ke tsallaka dogo, irin su Yaba da Ikeja da Oyingbo da Mushin. Shi kuwa Blue Line sai da aka ƙirƙiro masa hanya, wani gurin a tsakiyar titin Badagry da shi ma ake faɗaɗa shi zuwa hannu goma a lokaci ɗaya, wani gurin a kan ginshiƙai a sama, har da tsallaka ruwa kafin a shiga Marina, kuma akasari da kuɗin jiha ake yi ana ɗigowa kaɗan kaɗan.

Wannan maganar ta ƙasa duk wanda ya taɓa haƙa rami a cikin Kano ya san ta. Akwai wani aikin magudana da muka yi a wata tsohuwar unguwa, takardun da aka ba mu sun nuna bututun ruwa yana ɗaya hannun titin, mu kuma muna haƙa a wannan hannun hankali kwance. Wani dattijo mai sai da goro a bakin masallaci ya taso da sandarsa ya tsaya kan direban katafila yana ɗaga hannu, na ƙarasa na gaishe shi na ce Baba lafiya dai, ya ce ɗana nan gurin akwai ƙarfe a ƙasa, ina saurayi aka binne shi, daga gindin darbejiyar can ya karkato. Muka tsayar da inji muka sa leburori da diga da shebur, ba su yi nisa ba sai ga bututun, tsohon ƙarfe mai kauri ya yi tsatsa, a daidai inda ya nuna da sanda. Da haƙoran katafila sun same shi unguwa guda ce za ta rasa ruwa, mu kuma ramin ya koma kududdufi. To gano shi ma ba shi ne ƙarshen magana ba, sabida ba mu da ikon matsar da shi, sai an rubuta wa masu shi takarda, su zo su gani, su yi nasu lissafin, a yi ta ja-in-ja kan wa zai biya, mu kuma injin haya yana tsaye ana lissafa mana kuɗinsa kullum. Wannan fa bututu ɗaya ne a layi ɗaya. Yanzu ka ɗauki kilomita ashirin a tsakiyar gari, da turakun wuta da taransifoma da wayoyin kamfanonin sadarwa da kowa ya binne nasa yadda ya ga dama, sannan ga tsofaffin kududdufai da aka cike da bola aka yi gini a kai waɗanda ba za su ɗauki nauyin ginshiƙin jirgi ba sai an kafa turaku can ƙasa sosai.

Sai diyya, wadda ita ce ta fi cin rai. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a takarda abin kamar da sauƙi, a ƙiyasta ginin da ke kai a biya a rushe. A zahiri kuwa gida ɗaya a cikin gari sai ka tarar na gado ne ba a raba ba, magada sun kai ashirin, wani yana Legas wani yana Makka, takardar gidan tana hannun wanda ba ya ga maciji da sauran, mai unguwa ya yi iya yinsa a kai gaban dagaci daga nan a wuce kotu. Titin mota yana da ɗan sassauci, za ka iya ɗan lanƙwasa shi ka kauce wa gidan rigima ko maƙabarta ko ragowar badala. Dogo ba ya son kwana mai kaifi kuma ba ya son hawa, in gida ɗaya ya tsaya a kan layi to layin gaba ɗaya ya tsaya. Kuma ni ban ga laifin masu gidan ba gaskiya, mutumin da ya ga an rushe wa maƙwabcinsa shago ya shekara yana zarya kan kuɗinsa, me zai sa ya yi saurin sa hannu.

Maganar kuɗi kuwa mutane suna ɗauka in an ce an ba da kwangilar biliyan kaza to kuɗin suna ajiye ne a wani guri. Ina. Kafin alƙalami ake bayarwa, ɗan kwangila ya kawo injina ya fara, in ya yi wani yanki a auna a rubuta masa satifiket sannan ya jira biya, in biyan ya makara wata shida to aikin ba wata shida zai makara ba, ya fi haka nesa ba kusa ba, sabida ƙwararrun ma'aikata sun watse sun kama wani aikin, rodin da aka bari a buɗe ya yi tsatsa, damina ta cike ramukan da yashi da leda sai an sake yashewa, farashin siminti ya tashi, ɗan kwangila ya dawo da takardar neman ƙarin kuɗi a sake zaman wata da watanni a kanta. Kamar mai gina gida da albashi ne, in ya tara kuɗin kwano sai ya tarar katakon da ya saya bara gara ta cinye. A jirgi abin ya fi muni don kusan duk kayan da dala ake sayowa, dogon da taragun da na'urorin ba da hannu. Sanda aka fara Blue Line dala tana wajen naira 150, ranar da aka buɗe shi ta haura 700, a 2024 ta wuce 1,500. Babu kasafin da zai jure wannan in ba an kulle kuɗin tun farko ba.

Kada kuma a ce halin baƙar fata ne, wannan maganar tana ba ni haushi. Layin Elizabeth na Landan Disambar 2018 aka sa za a buɗe, bai buɗe ba sai Mayun 2022, kuɗin ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan 19, kuma ramukan an gama haƙa su tuntuni, abin da ya riƙe su tashoshi ne da haɗa na'urorin da ke sa jirgi da hanya su fahimci juna. Wannan matakin na ƙarshe shi ne ɗan siyasa ba ya ganewa, yana ganin gini ya tsaya an yi fenti sai ya sa ranar yanka kirtani. Ko Blue Line makonnin farko kan jirgi mai dizal ne yake jan taragun kafin wutar ta kammala. Indiya kuma da muke ganin cunkosonsu ya fi namu, a Delhi sun fara a 1998 suka buɗe yankin farko a 2002 suka gama kashin farko a 2006 ba tare da jan ƙafa ba, don an ba shugaban aikin Sreedharan wuƙa da nama, rancen Japan yana shigowa a kan lokaci, kuma su da kansu suke matsar da bututu da waya kafin babban aiki ya iso gurin.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk binciken shi ne Abuja, don can an gama ɗin ma. An ba da kwangila a 2007, Buhari ya buɗe a Yulin 2018, rancen dala miliyan 500 daga bankin China yana ciki, sai ga jirgi yana yawo kusan wayam sabida tashoshi da yawa a daji suke ba hanyar mota mai kyau da za ta kai ka, kuma layin bai bi ta Nyanya da Mararaba ba inda ma'aikata suke fama da gosulo kowace safiya. Korona ta zo a 2020 aka tsayar, ɓarayi suka bi suka sace wayoyi, sai da aka sake kashe wasu kuɗin aka yi hanyoyin shiga tashoshi aka sake buɗewa a Mayun 2024. Addis Ababa su sun yi sauri, 2015 suka buɗe layi biyu da jirage 41, bayan 'yan shekaru da yawansu suna ajiye a gareji babu kayan gyara. Jirgi ba gada ba ne da za ka gama ka juya baya, kullum sai ya ci wuta da albashi da sifiya.

Shi ya sa taswirar faɗaɗawa ba ta burge ni ko kaɗan, zana layi kala-kala a kwamfuta aikin yini ɗaya ne. Legas tana da layuka da yawa a takarda, ana ta maganar Green Line kilomita 68 zuwa Lekki alhali ragowar kilomita 14 na Blue Line ne ya kamata a fara gani a ƙasa. Mu ma nan a 2016 zamanin Ganduje an sanar da kwangilar dala biliyan 1.85 da kamfanin China, layi huɗu, wajen kilomita 74. Ni ba na cikin masu cewa Kano ba ta buƙatar jirgi, duk wanda ya taɓa maƙalewa a Bata ko Kwari ko Kurna da yamma a tsakiyar 'yan adaidaita sahu ya san titi kaɗai ba zai ɗauke mu ba. Amma layi huɗu lokaci ɗaya, a'a. Ɗaya, gajere, inda mutane suka fi yawa, a gama shi ya yi aiki a koyi yadda ake tafiyar da shi.

Kuma tun yanzu akwai aikin da ba ya buƙatar dala ko ɗaya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace gadar sama da ta ƙasa da muke yi a manyan tituna, Dangi ne ko Ƙofar Ruwa ko Hotoro, tana cinye tsakiyar titin da jirgi zai bi wata rana, duk wanda zai zo daga baya sai dai ya haye ta sama da ginshiƙai masu tsawon gaske ko ya zagaye ya shiga gidajen mutane, duka biyun kuɗi ne da shekaru. In an tsai da magana cewa ga titin da layin farko zai bi, titin Zariya ne ko na Katsina, to a rubuta shi a doka, a daina ba da izinin gini a cikin tazarar, duk mai zana sabuwar gada a ce ya bar gurbi, duk mai binne bututu ko waya ya kawo zanen inda ya sa a ajiye a guri ɗaya. Sannan muna da irin abin da ya ceci Red Line, tsohon dogon da ya iso Kano tun 1911, ya shigo ta Challawa da Sharada har tashar cikin gari, reshe ya wuce Nguru. Filin nan na gwamnatin tarayya ne, sai an zauna da su, kuma duk wanda ya bi gefensa a ƙafa zai ga yadda rumfuna da katangu suke ta matsowa kusa da ƙarfen, wanda ya kafa rumfar kwano bana baɗi bulo zai sa, kuma ranar da aka zo auna hanya shi ma yana cikin layin masu jiran diyya.