Sukarin da ke cikin allurar maniyyata

Duk wanda zai shigo Saudiyya domin aikin Hajji sai ya nuna shaidar cewa an yi masa allurar rigakafin sanƙarau mai kare mutum daga rukuni huɗu na ƙwayar cutar, wato A da C da W da Y, kuma a ce an yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowarsa. Wannan doka ta samo asali ne daga annobar da rukunin A ya haddasa a Hajjin 1987, sannan da rukunin W ya ɓulla tsakanin alhazai a 2000 da 2001, aka wajabta mai rukuni huɗun tun daga 2002. Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke yin aikin a cikin wannan allura sukari ne.

Ƙwayar sanƙarau tana sanye da wata riga da aka saƙa da dogayen sarƙoƙin sukari, kuma da ita take ɓuya daga garkuwar jiki. Bambancin saƙar ne ya raba ta rukuni-rukuni. Tun a 1923 Michael Heidelberger da Oswald Avery suka nuna a cibiyar Rockefeller da ke New York cewa irin wannan riga, a jikin ƙwayar ciwon huhu, sukari ce, alhali masana a lokacin sun ɗauka furotin kaɗai garkuwar jiki ke iya ganewa. Saboda haka mai haɗa rigakafi yakan tuɓe rigar, ya tsarkake ta, ya nuna wa jiki ita ba tare da ƙwayar ba.

Da na yi wa wani dattijo maƙwabcinmu a nan Jidda wannan bayani, sai ya ɗaga katinsa ya ce, "Ɗana, ni da nake fama da ciwon suga, shi ne kuma za a ƙara zuba mini wani a jini?" Na ce masa, "Baba, abin da ke cikin allurar bai kai miligiram ɗaya ba, dabino guda da kake buɗe baki da shi ya ninka shi sau dubbai, kuma ba irin wanda jiki ke ƙonawa ba ne."

Sukarin tsura yana da rauni guda: jikin yaron da bai kai shekara 2 ba ba ya amsa shi sosai, kuma ko a babba kariyar ba ta daɗewa. Masana sinadarai sun magance wannan ta hanyar ɗaure sarƙar sukarin a jikin wani furotin, domin garkuwar jiki ta riƙe abin da ta gani. Shi ya sa hukumomin lafiya a nan suke amincewa da tsohuwar allurar na shekara 3, wadda aka ɗaure da furotin kuwa shekara 5. Da wannan dabara aka haɗa allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011. Wanda ya ga yadda sanƙarau ya kwashi dubban rayuka a Arewa a 1996 ya san darajar wannan ɗauri.

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, sukari ne kuma ke fara tona asirin cutar. Idan likita ya yi zargin sanƙarau, yakan ɗebo ruwan laka daga gadon bayan majiyyaci ya aiko mana a 'yar kwalba. Na mai lafiya garau yake, ana hangen rubutu ta cikinsa, kuma gulukos ɗinsa ya kai kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ke cikin jini. Idan bakteriya ce ta shiga, ruwan yakan zo a gurɓace, gulukos ɗin ya faɗi ƙasa da kashi 40, domin ƙwayoyin cutar da fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙarsu suna cinye shi, kuma kumburin yana rage shigowar wani daga jini. Idan bairos ne, yawanci sukarin ba ya taɓuwa. Wannan awo ba ya ɗaukar lokaci, kuma tushensa ɗaya da na 'yar na'urar da masu ciwon suga ke ɗiga jinin yatsa a kai: wani inzayim ne, wato furotin mai sarrafa wani sinadari, da ke zaɓar gulukos daga cikin tarin sinadarai, dabarar da Leland Clark da Champ Lyons suka gabatar a 1962. Akwai kuma tsohon gwajin da har yanzu yake burge ni, inda ake ba ƙwayar da aka shuka sukari iri-iri a kwalabe dabam-dabam. Ƙwayar sanƙarau tana cin gulukos da maltos, sai jan launin kwalaben biyu ya koma rawaya, 'yar'uwarta mai kawo ciwon sanyi kuwa gulukos kaɗai take ci.

A ɓangaren magani ma, akwai dangi guda na magungunan kashe bakteriya da gininsu kusan duka sukari ne. Na farkonsu shi ne sitireftomaisin, wanda Albert Schatz ya samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a 1943, a ɗakin binciken Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka, kuma shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Kanamaisin ya biyo baya daga Japan a 1957, jentamaisin a 1963. Zoben sukarin da ke jikinsu ne ke manne wa sashen da bakteriya ke ƙera furotin, sai ta riƙa ƙera gurɓatacce har ta mutu. Ita ma ba ta zauna ba: ta samar da inzayim da ke liƙa wani ɗan sinadari a kan sukarin, maganin ya kasa kama wurinsa. Martanin masana shi ne amikasin na 1972, wanda kanamaisin ne da aka ƙara wa wani reshe domin ya tare wa yawancin waɗannan inzayim hanya.

Yanayin nasu na sukari shi ne kuma iyakarsu. Suna narkewa a ruwa ƙwarai, hanji ba ya tsotse su, shi ya sa ta allura ake ba da su, kuma ba sa ratsawa cikin ruwan laka yadda ya kamata, don haka ba su ake dogara da su a sanƙarau ba. Seftiriyazon ake bayarwa. Suna kuma taruwa a ƙoda da cikin kunne. Ƙoda takan farfaɗo idan an dakatar da maganin da wuri, amma kurumtar da suke jawowa ba ta warkewa. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja ga matakin da Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta ɗauka a 2018 na hana saidaliyya sayar da maganin kashe bakteriya ba tare da takardar likita ba, ko da yake har yau ina jin 'yan'uwanmu na ƙorafi a kai. A asibiti, wanda aka ɗora a kan jentamaisin na kwanaki, ana ɗibar jininsa gab da allura ta gaba domin a ga abin da ya rage, tare da awon lafiyar ƙodarsa, kafin a yanke adadin da za a sake ba shi.