Sunayen matan da na tsallake a salsalar Rudolf

A ajinmu na tarihin Turai, malam ya ba ni aikin zana salsalar Rudolf na gidan Habsburg, wanda aka haifa a 1218. Sarautarsa ta farko ita ce wadda Jamusawa ke kira Graf, kusan hakimi ke nan mai ƙasa da mayaƙansa. Na yi yadda na saba: uba, ɗa, jika, na jera maza tsaf, mata kuwa na bar su don kada takarda ta cunkushe. Malam ya duba ya ce, "Ƙasar Kyburg fa, ta ina ta shigo hannunsa?" Sai na yi tsuru-tsuru.

Ashe ta ɗakin uwa ta shigo. Mahaifiyarsa Heilwig 'yar gidan Kyburg ce. Da kawunsa Hartmann ya rasu a 1264 bai bar magaji ba, Rudolf ya ɗora hannu a kan gadon, bai kuma sake shi ba.

Daga nan na koma na bi 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya. A 1273 manyan masu zaɓen sarki suka ba shi sarautar Jamus yana ɗan shekara 55. Ranar da aka naɗa shi a Aachen, 24 ga Oktoba, ya aurar da biyu: Matilda ga Ludwig na Bafariya, Agnes ga Albrecht na Saksoni, kuma duk angwayen suna cikin waɗanda suka zaɓe shi. Na daɗe a kan sunan Matilda. Wannan Ludwig ɗin ne ya sa aka sare kan matarsa ta fari, Maria ta Brabant, a 1256, bisa zargin cin amanar aure. Labari ne da ya game ƙasa, uban amarya ba zai ce bai ji ba, amma ya ba da 'yar. A takardata ta farko ko sunanta babu.

Haka 'yarsa Guta. Bayan an kashe Ottokar, sarkin Bohemiya, a yaƙin Dürnkrut na 1278, Rudolf ya ba da ita ga Wenceslas, ɗan mutumin da ya faɗi a gaban rundunarsa. 'Ya'yansa maza kuma ya ba su Ostiriya a 1282, inda zuriyarsa ta yi mulki har 1918.

Da na sake zanen, sai da na manna takarda biyu. Na mayar wa malam ina murna, ina cewa ai surukuta ce ta gina gidan nan. Ya ce in duba 1292. Rudolf ya rasu a 1291, masu zaɓe suka tsallake ɗansa suka ɗauko Adolf na Nassau. A cikin waɗanda suka juya wa ɗan baya har da mijin Guta da mijin Agnes.