Wasiƙa daga Dublin: Conor McGregor kamar yadda mutanen garinsu suka san shi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, abin da ya sa na rubuto muku shi ne tambayar da matasanmu suke yawan yi mini tun da suka ji cewa a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, nake zaune, wato ko na taɓa ganin McGregor, shahararren ɗan damben nan. Ban taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba, amma na zauna a garinsu tun lokacin da ake rataya tutar ƙasa a tagogi saboda shi, har zuwa lokacin da aka shiga goge hotunansa daga jikin bango. Ku a gidajen kallo kuna ganin kwat da agogo da naushin hagu, mu kuwa a nan muna ganin sauran labarin, shi ya sa na ga ya dace in ba ku shi daga tushe.

An haifi Conor McGregor ranar 14 ga Yulin 1988 a Crumlin, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a kudancin Dublin, kuma tun yana ɗan shekara 12 ya fara koyon damben boksin a kulob ɗin unguwar. Da ya tasa sai ya shiga koyon aikin famfo, bai daɗe ba ya ajiye, ya koma gidan horo na SBG wajen John Kavanagh, mutumin da ya zama ubangidansa a wannan sana'a tun daga 2008. Damben da ya zaɓa shi ne na keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da gwiwa da kokawa da shaƙa, kowane turmi minti biyar, wanda ya ji wuya kuma sai ya bubbuga hannu alamar ya miƙa wuya. A farkon tafiyarsa sau biyu aka sa shi ya miƙa wuya, a 2008 da 2010, duka biyun a kokawar ƙasa. Ku riƙe wannan, domin raunin da ya daɗe yana bin sa ke nan.

A 2012 ya ci kambu biyu a gasar Cage Warriors ta Turai, sannan kamfanin UFC na Amurka ya ɗauke shi. Ranar 6 ga Afrilun 2013 a Stockholm ya gama da Marcus Brimage cikin daƙiƙa 67, aka ba shi tukwicin dala 60,000, alhali har zuwa wannan lokaci kuɗin tallafin marasa aikin yi yake karɓa, yuro 188 a mako. Wannan ne sashen labarin da ya fi shiga zukatan mutanen Ireland. Ƙasar tana cikin ƙuncin da ya biyo bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, matasa suna ta ficewa zuwa Ostareliya da Kanada neman abinci, sai ga yaron unguwa yana cewa zai mallaki duniya, kuma yana cika maganarsa.

Duk wanda ya taso yana kallon damben gargajiya zai gane salonsa da wuri. Bahago ne, kuma kamar yadda ɗan dambenmu yake miƙa hannu ɗaya yana auna tazara yana ajiye ɗaurarren hannun har sai ya ga kafa, haka shi ma yake miƙa dama yana lallaɓa abokin karawa, ya bar shi ya kawo hari, ya ɗan ja da baya kaɗan, sannan ya sauke hagun. Yana da kirari kuma, sai dai shi ba ya jiran makaɗi, da bakinsa yake wasa kansa, har ya kan faɗi turmin da zai yi kisa tun kafin ranar. Da wannan bakin ya yi wata da watanni yana tunzura José Aldo na Brazil, zakaran da ya shafe shekara goma ba a doke shi ba, har ranar 12 ga Disamban 2015 Aldo ya afko a fusace, hagun ta tare shi, aka tashi wasa cikin daƙiƙa 13.

A ganina 2016 ce shekarar da ta fi nuna ƙimarsa, kuma da faɗuwa ta fara. A watan Maris ya hau nauyin kilo 77, alhali a kilo 66 ya saba, ya kara da Nate Diaz, ya zuba ƙarfinsa duka a turmin farko, numfashi ya ƙare masa, Diaz ya shaƙe shi a turmi na biyu. Bai kawo uzuri ba. Ya amsa cewa an fi shi a wannan dare, ya koma ya gyara yadda yake tattalin ƙarfinsa, ya nemi a sake a nauyi ɗaya, kuma a watan Agusta ya yi turmi biyar cif ya ci da maki. Ranar 12 ga Nuwamba kuma, a zauren Madison Square Garden na New York, ya kayar da Eddie Alvarez sau da dama kafin alƙali ya tsayar da wasa a turmi na biyu, ya zama mutum na farko a tarihin UFC da ya riƙe kambun ajin nauyi biyu a lokaci guda. Wanda yake son ya ga abin da horo da natsuwa suke haifarwa, wannan karawar zai nema ya kalla, domin babu naushi ɗaya da ya jefa a banza.

Daga nan kuɗi suka shigo, kuma bai taɓa kare ko ɗaya daga cikin kambunan nan biyu ba, abin da masu yabonsa ba su cika son a ambata ba. A Agustan 2017 ya je ya yi damben boksin da Floyd Mayweather a Las Vegas, aka tsayar da shi a turmi na goma, amma ya fito da dukiyar da babu ɗan damben keji da ya taɓa samun irinta. A 2018 ya kafa kamfanin barasa, wanda cinikin sayar da shi ya sa mujallar Forbes ta sanya shi a kan gaba cikin 'yan wasan duniya a 2021, da dala miliyan 180.

Karawarsa da Khabib Nurmagomedov, Musulmi ɗan Dagestan a ƙasar Rasha, ita ce na san yawancinku kun fi tunawa. A Afrilun 2018 ya kai gungun mutanensa wani zaure a Brooklyn, ya jefi tagar motar da Khabib yake ciki da amalanken ƙarfe, gilashi ya raunata wasu 'yan wasan da ba ruwansu. Da aka zo taron 'yan jarida ya miƙa wa Khabib barasa yana sane da addininsa, ya taɓa mahaifinsa, ya taɓa ƙasarsa. A dambenmu ana cika baki, ana yi wa juna barazana, amma kowa ya san inda ake tsayawa, kuma uba da addini suna bayan wannan iyaka. Ranar 6 ga Oktoban 2018 Khabib ya kai shi ƙasa, ya danne shi turmi bayan turmi, ya sa shi miƙa wuya a na huɗu, wato raunin nan na 2008 ya dawo. Shi ma Khabib ya yi nasa laifin da ya tsallake keji ya afka wa mutanen McGregor, aka ci shi tarar dala 500,000, shi kuma McGregor dala 50,000. An sayi kallon wannan dare sau miliyan 2.4, wanda ya nuna cewa kamfanin UFC ya ci riba da zagin nan, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke damuna game da sana'ar gaba ɗaya.

Abin da ya rage a keji kaɗan ne. Ya doke Donald Cerrone cikin daƙiƙa 40 a Janairun 2020. Dustin Poirier, wanda shi ya doka a 2014, ya kashe masa ƙafa da shuri a Abu Dhabi a Janairun 2021 sannan ya gama da shi, a watan Yuli kuma ƙashin ƙaurinsa ya karye a ƙarshen turmin farko, yana zaune a ƙasa ana ɗaure masa ƙafa yana zagin matar Poirier. A shekara huɗun da suka biyo baya bai sake shiga keji ba, lissafinsa ya tsaya a nasara 22 da faɗuwa 6.

Sauran labarin a kotu yake, kuma shi ne nake ganin bai isa gare ku yadda ya kamata ba. A 2019 ya naushi wani dattijo a wata mashaya a Dublin, ya amsa laifi, aka ci shi tarar yuro 1,000. A Nuwamban 2024 masu taimaka wa alƙali a Babbar Kotun Dublin, a shari'ar neman diyya, suka gaskata wata mata da ta ce ya yi mata fyaɗe a wani otal a Disamban 2018, suka yanke a biya ta kimanin yuro 248,000. Shi ya musanta, ya ɗaukaka ƙara, kotu ta yi watsi da ita a Yulin 2025. Ina nan na ga yadda garin ya juya masa baya cikin 'yan kwanaki: manyan kantuna sun sauke barasarsa daga kanta, kamfanin da ya sayi barasar ya cire sunansa, ɗaruruwan mutane suka yi tattaki a tsakiyar gari don mara wa matar baya. Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar, wadda a da take kwana ba barci don kallon wasansa, ta ce mini ta cire hotonsa daga ɗakin ɗanta da hannunta. Ina roƙon ƙannena masu sa hotonsa a wayoyinsu su san wannan, domin matar nan 'yar wani ce, kuma ta sha wuya kafin ta tsaya gaban kotu da mai kuɗi irinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙi kai tsaye. A 'yan shekarun nan ya mai da kansa kakakin masu ƙin baƙi, yana wallafa maganganu masu zafi a kanmu, har a kwanakin tarzomar 23 ga Nuwamban 2023, daren da aka ƙona motocin bas da jirgin cikin gari a tsakiyar Dublin. A wannan dare iyalai da yawa irin nawa ba su runtsa ba, washegari kuma wasunmu ba su tura yara makaranta ba. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin shi ɗan ƙasar da 'ya'yanta suka bazu a duniya neman mafaka tun zamanin yunwar shekarun 1840 ne, kuma waɗannan 'yan ci-ranin ne suka cika masa zaure a Boston da New York. A Maris 2025 ya je fadar White House ya maimaita irin waɗannan maganganu, firaministan Ireland Micheál Martin ya fito ya ce bai yi magana da yawun mutanen Ireland ba. Ya kuma nemi takarar shugaban ƙasa, wadda sai an samu goyon bayan 'yan majalisa 20 ko ƙananan hukumomi huɗu kafin a shiga, bai samu ba, ya janye a watan Satumba.

A gaida mutan gida, manya da yara. Mu a nan sanyi ya fara shigowa, ga ruwa ba ya ɗaukewa.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Dublin.