Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Daga Taron Suna a Nima Zuwa Gidajen Bayi na Bakin Teku

Makon jiya mun tsaya a jajibirin suna, tukwane a jere a ƙofar gida, baƙi daga Kano da Kumasi sun cika ɗakuna. Yau zan ƙarasa maganar sunan a gurguje, domin abin da na fi son in zauna a kansa shi ne wanda kan biyo bayan kowane taro a gidanmu na unguwar Nima a Accra: baƙi su ce tunda dai sun zo Ghana, sai an kai su sun ga tsofaffin gidajen Turawan nan na bakin teku a Cape Coast da Elmina, inda aka riƙa tsare bayi, waɗanda mutanen nan ke ce wa kasul.

Suna a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, da asuba yake farawa. Ana idar da sallar Asuba malamai su zauna, a raɗa suna, a yanka rago, a raba goro da dabino, sannan koko da ƙosai su fito. Wannan duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shi. Inda aka bambanta shi ne abincin rana, domin a nan wake da shinkafa, wato waakye, shi ne sarkin taro. Lissafin da muke yi a gidanmu, buhun shinkafa mai kilo 25 da wake kilo 12 sukan fitar da kwano wajen 250 idan mai zubawa ba ta da almubazzarancin hannu. Waken ake fara ɗorawa, tare da karan dafi da aka wanke, sai ruwan ya yi ja sosai, waken ya kusa nuna, a tsame karan, a zuba shinkafa. Kanwa kaɗan ake sa wa. In ta yi yawa abincin ya caɓe, ya yi ɗaci, launinsa ya koma baƙi. Kuma kada a kwashe shi da zafinsa a danne cikin kula tun da hantsi a ce sai la'asar. Zafin Accra da gumin wake ba sa zama lafiya, kafin a ankara ya fara yami. Gara a dafa tukunya biyu, ta safe da ta rana. Shito kuwa, wato soyayyen yajin da ake ci da shi, tun kwana biyu kafin taro ake soya shi, a bar mai ya taso ya rufe kansa, shi ne ke hana shi lalacewa.

To, kuskuren da aka fi yi shi ne a ce washegarin suna za a tafi Cape Coast a dawo a yini ɗaya. Matan da suka kwana biyu a bakin murhu ba su da ƙafar hawa matakala, ga tukwanen aro da kujerun haya ba a mayar ba. Dokar Maigida ita ce a bar kwana biyu tsakani, kuma a kwana ɗaya a can. Ni ma na yarda da shi a wannan, ko da yake a kan sauran lissafin tafiya ba kullum bakinmu ke zuwa ɗaya ba.

Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 145 ne, tafiyar awa uku idan hanya ta yi kyau. Matsalar duk a farkon hanyar take, daga mahaɗar Malam zuwa Kasoa. Sunan garin nan kuwa kalmarmu ce, kasuwa, bakin mutanen wurin ya lanƙwasa ta. Wanda ya bar gida bayan shida da rabi na safe zai iya cin awa guda a wannan ɗan tsakanin. Saboda haka a yi Asuba, a shiga mota. Marasa mota su nufi tashar Kaneshie, amma in kun kai goma ku ɗauki shatar bas ɗaya, ku yi ciniki a kan kwana biyu, ku faɗa wa direba tun a gida cewa har da Elmina, kuma wa zai sayi mai, wa zai biya masa wurin kwana. Abin da ba a faɗa a Accra ba, shi ke zama rigima a bakin teku. Bayan Kasoa sai mahaɗar Winneba, sai Mankessim, sai Saltpond. Daga nan a fara duba hagu: a kan tudu a Abandze ga Fort Amsterdam, a Anomabo ga Fort William. Ba sai an tsaya ba, amma a nuna wa yara, su san cewa gidajen nan ba biyu ba ne kawai, a jere suke a gaɓar tekun, kuma tun 1979 UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A Yamoransa mata na sayar da dokunun Fante, ƙabilar yankin, a naɗe cikin busasshen ganyen ayaba, yana kwana biyu bai yi komai ba, a saya na dare.

Ina ba da shawarar a fara da Cape Coast ranar farko, Elmina washegari da safe. Ana buɗewa wajen tara, a rufe kafin biyar. A ƙofa kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na yara da ɗalibai daban, don haka kowa ya riƙe katinsa ko fasfonsa a hannu, a kuma tanadi sidi tsaba, kada a dogara da kuɗin waya kaɗai. Ba a shiga kurkukun ƙasa sai da ɗan jagora, kuma rukuni-rukuni ake tafiya, zagayen kan ɗauki kusan awa guda. Da Turanci suke bayani. In akwai tsofaffi a cikinku, ku ware mutum ɗaya ya tsaya kusa da su yana mayarwa da Hausa a hankali, in ba haka ba Hajiya za ta fito tana tambaya, “Wai ni gidan wane sarki ne wannan?”

Ba gidan sarki ba ne, kuma gara a faɗa wa kowa tun a mota, don kada a shiga da shewa da ɗaukar hoto kamar an je biki. Mutanen Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya zauna a hannun Ingila a shekarun 1660, kuma daga nan suka riƙa gudanar da mulkinsu na gaɓar har 1877 da aka mayar da hedikwata Accra. Daga tsakar gidan akwai wata gangara mai duhu da ke sauka zuwa kurkukun maza, ɗakuna biyar a jere, hasken da ke shiga ta 'yan ramuka ne can sama. Masu jagora kan ce ana cusa mutum kusan dubu a ciki. Ku duba ƙasa da kyau. A wani ɗakin an kankare daɓen har tubalin asali ya fito, a wani kuma an bar shi yadda yake, baƙi, mai santsi, ya ɗara wancan tudu. Wannan ba siminti ba ne, ƙazanta da jini da gumin mutane ne suka daskare shekara da shekaru. A bango akwai alamar inda ta kai. Daidai saman ƙofar wannan kurkuku kuma cocin Turawan yake.

Abubuwa uku ke ba mutane matsala a nan. Takalmi mai tsini ko silifa mai santsi, gangarar nan ta kayar da mutane da yawa. Sai iska: mai asma ko hawan jini ko mai tsohon ciki ya tsaya kusa da ƙofa, musamman a ɗan ƙaramin ɗakin da ake kulle waɗanda suka yi bore, inda jagora kan rufe ƙofa ya kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda abin yake. Ba dole ba ne, a ce masa a'a tun kafin ya rufe. Na uku, a ɗakin ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin, Nana Tabir, wani lokaci da mai kula da shi a zaune yana zuba giya a ƙasa. Wanda bai san da shi ba yakan firgita ko ya yi magana marar daɗi. Ba a tilasta wa kowa komai. Ka wuce abinka, ka yi addu'arka a zuci. Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai kuwa ni ban ga amfanin saukar da su ba, a bar su a sama wajen igwa tare da babba ɗaya, a riƙe hannunsu, domin katangar ba ta da tsawo.

Daga kurkukun mata ake fita ta ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa, sai ka tsinci kanka cikin masunta suna gyaran koma. A 1998 an shigo da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, ta wannan ƙofar, aka kai su Assin Manso aka binne, shi ya sa ta waje aka rubuta mata ƙofar dawowa. Kada a ɗauki masunta hoto ba a tambaye su ba. Kuma kada kowa ya shiga ruwan nan, ko da ya iya iyo a Tiga. Tekun yana ja ta ƙasa.

Abinci a garin, kifi ya fi kwanciyar hankali. Mai son nama ya nufi wajen kasuwar Kotokuraba, akwai 'yan zango da masallaci, a can za a yi salla a ci tuwo. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, a riƙe buta da darduma a mota.

Elmina kilomita goma sha kaɗan ce daga nan, kuma ita ce babbar yaya. Mutanen Fotugal suka gina ta a 1482, zinariya suka zo nema tun kafin cinikin mutane ya rinjaye ta. A 1637 mutanen Holan suka hau da igwa kan tudun da ke fuskantarta suka yi ta ruwan wuta har aka miƙa wuya, daga baya suka gina wani sansanin a kan tudun don kada a yi musu irin abin da suka yi. Mai ƙarfin gwiwa ya hau, daga can ake ganin gidan gaba ɗaya da bakin kogin Benya cike da jiragen kamun kifi. Ingila ta karɓa a 1872. A ciki, tsakar gidan mata ita ce ta fi tsaya min a rai: baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya zaɓa, rijiya a tsakiya inda ake wanke wadda aka zaɓa, da matakalar katako da ke hawa zuwa ɗakinsa. Ƙofar fita teku a nan siririya ce, mutum ɗaya a karkace, hanyar zuwa gare ta kuma sai an sunkuya. Dogaye su kula da goshi, masu ɗauri su riƙe ɗankwali. A sama akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can Seychelles. A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanka da fara'a, ka fito ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. In ba ka so, kada ka faɗi sunan. Ranar Talata kuma masunta ba sa fita, mai son ganin hada-hadar kifi ya zaɓi wata rana.

Baƙinmu na Najeriya sukan ɗauka wannan tarihin Fante da Turawa ne, ba ruwan Bahaushe. Da ruwanmu, ta fuska biyu ma. Fataken Gwanja da ake yi wa kirari, ba kanwa da tufafi kaɗai suka riƙa kai wa Salaga su karɓo goro ba, har da bayi. Mutanen arewa da yawa ta hannun Asante suka gangaro kudu, kuma rafin Assin Manso, inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa, sunansa Donkor Nsuo, daga kalmar da ake kiran bawan da aka sayo daga arewa. Ta ɗaya fuskar, lokacin yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover da Hausawan Legas ya zo, kuma daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar Gold Coast, wato Ghana ta lokacin, a 1879. Wasu tsofaffin gidajen zango daga barikin nan asalinsu yake.

Wanda ke da sauran lokaci, a dawowa ya karkata a Yamoransa ya bi hanyar Kumasi zuwa Assin Manso, kusan awa guda. Amma a lissafa da kyau: ko dai a bar yankin kafin ɗaya na rana, ko a shirya yin Magariba da Isha a cikin cunkoson Kasoa, musamman yammacin Lahadi. Watan Yuni ruwa ya fi yawa a gaɓar, Asabar ta farkon Satumba kuma bikin gargajiyar Cape Coast ne, Fetu Afahye, masauki sai wanda ya kama tun da wuri.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma gida kan lissafin Babbar Salla: yadda gida huɗu ke haɗa kuɗin sa guda, da wanda ke ɗaukar kai da ƙafa.