Ledar ruwa huɗu a rairayin Daura

Har yau in na tuna ina jin haushin kaina. Leda huɗu ta fiya wata na ɗauka, mu biyu, a watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40. Ni da na girma a garin nan!

Ɗan yayata ne ya matsa sai mun je mun ga tsofaffin ramukan da masu neman ma'adinai suka haƙa suka watsar, can bayan wani ƙauye ta wajen Dutsi. Da mun fita bayan asuba da babu komai, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka ajiye babur a ƙauyen muka kama ƙafa. Rairayi, faƙo, sabara da tumfafiya, sai aduwa jefi-jefi wadda inuwarta ba ta rufe mutum. Ƙarangiya ta cika mana ƙafar wando. Kafin mu hango tudun ƙasar da aka tono, leda uku ta tafi.

Ramukan ba su da shinge, ba su da alama. Wasu yashi ya cike su rabi, wani kuwa ka jefa dutse sai ka saurara kafin ka ji faɗuwarsa. Bakinsu duk ya zaizaye ta ƙarƙashi, ka taka abin da kake zaton ƙasa ce mai ƙarfi alhali ɓawo ne kawai. Wannan na sani, na riƙe yaron nesa. Abin da ban yi lissafi ba shi ne dawowa.

Azahar ta yi, leda ta huɗu ta ƙare, leɓen yaron ya bushe ya yi fari. A wani rami marar zurfi akwai ruwa kwance, kore-kore, babu ko tsuntsu a bakinsa.

"Kawu, ko kurɓa ɗaya ce," in ji shi.

Wallahi na fara laluben hanyar gangarawa. Sai muka ji murya daga bayanmu, wani dattijon Bafulatani da awakinsa: "Kai, malam! Ko dabbobina ba na bari su sha nan."

Jikina ya yi sanyi. Na san labarin Zamfara sarai, gubar dalma ta 2010 a Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ba ta da wari, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukarta. Ko me ke cikin ruwan can, ɗan mutane na kusa ɗura wa, don kawai na ƙi ɗaukar jarka.

"Baffa, ka taimaka mana," na ce. Ya kwance gorarsa ya miƙa wa yaron, ya ce ya sha kaɗan-kaɗan, ya jiƙa hularsa ya mayar kansa. Ya zaunar da mu ƙarƙashin wata kanya har la'asar ta yi sanyi, sannan ya nuna mana turbar shanu da ta fi tamu kusa.

Yanzu in zan koma, jarka mai lita biyar kowa da tasa, fita da duku-duku, kuma in ruwa ya kai rabi a juyo ko ba a isa ba. Yayata ba ta san zancen ramin nan ba tukuna. Ranar Juma'a zan je in faɗa mata da bakina.