Yadda muka koyi yi wa Baba magana

Rediyo ce ta fara tona asiri. Baba ya yi shekaru yana sauraren labaran safe ƙasa-ƙasa, sai ga shi ana jiyo akwatinsa tun daga zaure. Daga nan ya daina fita majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Da na tambaye shi, cewa ya yi yaran yanzu taunar magana suke yi, ba sa buɗe baki. Muka ce rigimar tsufa ce, muka ƙyale shi kusan shekara biyu. Sai ranar da Inna ta ce masa "tsaya", ya ji "saya", ya hau laluben aljihu. Kowa ya yi dariya ban da shi. A makon na kai shi asibiti.

Likita ya fara ciro dauɗar da tsinken ashana ya daɗe yana turawa cikin kunnensa, sannan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka ce duk sautin da ya ji ya ɗaga hannu. Takardar gwajin ta fito da layi biyu, duk sun gangara ta hannun dama. Mai gwajin ta yi mana bayani cewa can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi. Waɗanda ke karɓar siririn sauti su ke fara mutuwa da shekaru, kuma ba sa sake tsirowa. A nan su "s" da "f" da "sh" da "ts" suke. Wasula kuwa suna da kauri, suna shiga. Shi ya sa Baba ke jin tashi da saukar murya sarai, amma kalmar ta kuɓuce masa, musamman daga bakin mata da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai takura rayuwa.

Muka yi karo-karo muka sayi na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Na ɗauka an gama. Kwana huɗu ya sa ta, ya cusa ta ƙarƙashin matashi. Ya ce cokali a kwano kamar maƙera, fanka kamar jirgi, muryarsa kuma kamar daga cikin randa. Na ji haushi, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Da muka koma asibiti, mai gwajin ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce ƙwaƙwalwarsa ta manta waɗannan sautuka, sai ta sake koyon wanda za ta kama da wanda za ta watsar. Ya fara da 'yan sa'o'i a ɗaki shiru, ya riƙa ƙarawa. Karatunsa na asuba ya koma yi a bayyane don ya saba da muryarsa. Ni kuma bayan isha'i in zauna gabansa in jero masa "fara, sara, tsara", yana maimaitawa, da farko yana kallon bakina, daga baya in koma gefensa. Sau uku muka koma aka daidaita na'urar.

Abin da ya fi wuya a gidan ne, ba a kunnen ba. An raine mu a kan ba a kallon babba ido cikin ido. Matata takan durƙusa, ta sunkuyar da kai, mayafi a bakinta, ta gaishe shi da muryar da ko ni da ƙyar nake ji. Ƙannena kuma suka koma ihu, wanda ke dagula kalma, ga shi da na'ura a kunne zafi yake yi masa. Ba wanda ya iya gyara wannan sai shi da kansa. Wata safiya ya ce mata, "'Yata, ɗago kanki, rabin jina a bakinki yake." Ta ɗago da ƙyar tana murmushin kunya. Tun daga nan sai an kira hankalinsa kafin a fara, a tsaya inda haske ke faɗa wa fuska, a kashe talabijin, in bai gane ba a sauya kalma maimakon a nanata ta da ƙarfi.

Sauran ɗawainiya ce ta kullum: cirewa kafin alwala, goge ƙurar hunturu, ɓoye ƙananan baturan daga jikoki, da jira kamar minti ɗaya bayan ɓare takardar sabon batir don iska ta shiga.

A gidan biki har yanzu magana na ɓace masa, kuma in mutum uku suka ɗauka lokaci guda sai ya yi shiru. Amma ya koma majalisa. Ya sauya wurin zama, yanzu nesa da bakin titi yake shimfiɗa buzunsa, inda yake ganin fuskar kowa, kuma jiya har gida na jiyo shi yana musu a kan farashin taki.