Tarihin da na karɓa ba da son raina ba

Fannin shari'a na nema a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, makina ya gaza, aka ba ni Tarihi. Ranar da na kai wa kawuna takardar a Mabera, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Kai yaro, shekara huɗu za ka yi kana koyon labarin matattu?" Na yi yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a rai. Lokacin Aminu Waziri Tambuwal ne kakakin Majalisar Wakilai, kuma kowa ya san a nan ya karanta shari'a ya gama a 1991. Shi nake hange.

Shekarar farko raina karatun na yi. Ina zama can baya, ina jiran ranar sauya fanni. Jarrabawa ta zo ta nuna mini iyakata.

Wanda ya gyara ni abokin ɗakina ne, ɗan Argungu, bai ko yi mini wa'azi ba. Shi dai da an sallame asuba sai ya ɗauki gorar ruwa da littafi ya fita, don ya san zafin Afrilu a Dundaye, inda jami'ar take, idan hantsi ya dubi ludayi kai ba ya ɗaukar komai. Kunya ta sa na fara binsa. Mu zauna gindin dogonyaro har a buɗe ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo. A nan na fara karanta yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 da yadda Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, garin da na tashi cikinsa ina wuce Hubbare kamar kowane gini. Abin ya ba ni haushin kaina, wallahi.

A 2015 aka naɗa Farfesa Mahmood Yakubu shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa. Tarihi ya karanta a wannan jami'a, ya fita da daraja ta ɗaya a 1985, tun ana kiranta Jami'ar Sakkwato, kafin a sauya suna a 1988. Ban ce kowane ɗan Tarihi zai kai can ba. Ni dai ajin sakandare nake koyarwa yanzu, kuma ina jin daɗinsa. Amma a ranar sai da na buga wa kawu waya.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, shi ɗin daraja ta ɗaya ya samu. Kai fa?"